Ɗan Kwando a Filin Bayan Makaranta

Duk wanda ya taɓa kai wa Mai Faci taya zai shaida cewa mutum ne mai gaskiya. In huda ɗaya ce, ɗaya zai ce maka. Rauninsa yana gida ne, bayan an ci abincin yamma, in ya miƙe ƙafa a tabarma ya jingina da bango. A lokacin ne labarin Kaka yake yi masa daɗi a baki.

Kaka ce ta riƙe su shi da yayarsa suna ƙanana, kuma ita ce ta san duk wani ganye da ake ci a daji. Wannan gaskiya ne. Yakan bi ta duk inda ta sa ƙafa, wannan ma gaskiya ne. Sai dai labarin ya riƙa yin ƙiba da shekaru. Farkon aurensa ganye goma ya sani. Da aka haifi 'yarsu suka zama talatin. Bana, da yarinyar ta shiga aji huɗu, sun kai ɗari, kuma Kaka har shawararsa take nema.

Matarsa takan ce, "Baban Aku, bara fa hamsin ka ce."

"Ai tunawa nake yi a hankali," in ji shi.

Aku ake kiran yarinyar, don tun tana rarrafe abin da ya shiga kunnenta ba ya kwana a ciki. A makaranta wannan hali ya jawo mata. Ta taɓa gaya wa 'yan ajinsu cewa kyanwarsu tana buɗe ƙofa da kanta, suka biyo ta gida a ɗunguma, kyanwa ta kwanta ta yi ta lasar ƙafa. Tun daga ranar wani yaro mai tabarau da ake ce wa Gilas ya ƙara mata a suna, ya koma ce mata Aku Mai Ƙari. Bayan haka in an tashi makaranta takan bi ta layin baya, don kada su ga ta tsaya a rumfar ubanta su sami abin faɗa a kan baƙin hannunsa. Mai Faci kuwa ya lura.

Ran Litinin Aku ta shigo da gudu, jaka na dukan bayanta, ta miƙa masa takarda.

Malamar ajinsu ce ta rubuto. Suna darasi kan tsirrai, ta tambaya ko akwai mai iyayen da suka san ganyen da ake ci a daji, Aku ta ɗaga hannu. Tunda damina ta yi, filin bayan makaranta ya cika da tsiro, Malamar tana roƙon ya zo ran Alhamis da hantsi ya zaga da yara.

"Gilas ya ce ƙarya nake," in ji Aku, tana haki. "Ya ce wai mai faci taya ya sani. Na ce ɗari ka sani. Ya ce in ka kawo goma ma zai share mini benci har a yi hutu. Baba, za ka zo ko?"

Mai Faci ya ji kansa ya yi girma. Ya naɗe takarda ya sa a aljihun gaba, ya ce, "Ki ce masa ya nemi tsumma."

Ran Laraba da azahar, aiki ya yi sauƙi, sai ya ce bari ya ɗan motsa ƙwaƙwalwa. Bayan rumfarsa akwai wani fili da aka yi wa harsashi aka bari, ciyawa ta cinye shi har gwiwa. Ya ajiye famfon iska, ya goge hannu a wando, ya shiga da takun masani, hannu a baya.

Ya tsaya a tsakiya ya duba gabas. Kore. Ya duba yamma. Kore. Ya sunkuya ya ƙura wa wani tsiro ido, tsiron ma kamar yana kallonsa. Ya matsa ga na kusa da shi, ya ga kamar wan na farkon ne. Ya kira sunayen da ya sani a zuciyarsa, lalo, tafasa, gasaya, kamar mai kiran yara a cikin kasuwa, ko ɗaya bai amsa ba. Ya yi minti ashirin yana zagaye. Abin da ya gane da tabbaci guda biyu ne: wata tsohuwar taya da shi da kansa ya jefar, da akuyar maƙwabta.

Ya koma rumfa jiki ba ƙwari, ya zauna a kan benci, ya ciro 'yar wayarsa mai maɓalli ya kira Yaya, wadda take aure a wani gari mai nisa. Bayan gaisuwa da tambayar yara ya yi gyaran murya.

"Yaya, gasaya fa, in tana tsaye, yaya kamanninta suke? Na ɗan manta ne."

Sai dariya ta fashe a wayar har ya janye ta daga kunne.

"Ka manta? Ɗan Kwando, yaushe ka sani balle ka manta?"

Sunan ya daki ƙirjinsa. Shekara ashirin rabon da ya ji shi.

"Haba Yaya, ba tare muke zuwa ba?"

"Tare muke zuwa mana. Ni da Kaka muna tsinka, kai kana baya da kwando a ka, baki buɗe kana ƙirga tsuntsaye. Sau ɗaya aka bar ka ka tsinka, ka cika mana kwando da ciyawar jaki. Daga ranar Kaka ta ce kada hannunka ya ƙara taɓa abu mai saiwa. Aikinka in an dawo gida ne, a zube maka a tabarma ka yi ta warewa."

"To yanzu dai kwatanta mini."

"Ganyenta kore ne."

"Yaya!"

"To me zan ce maka? Tana nan dai kamar gasaya. In ka gan ta za ka gane ta." Sai aka ji yaro ya tsala ihu a gefenta, ta ce, "Bari in zo, wannan ya jawo tukunya," ta kashe.

Mai Faci ya daɗe yana kallon wayar. Wato shekara da shekaru yana ba da labarin daji, ashe abin da ya gani a dajin shi ne bayan Kaka da gindin kwando.

Da yamma ya gaya wa matarsa a ɓoye, tana wanke-wanke a bakin famfo. Ta yi ƙoƙari ta riƙe fuska, abin ya gagara, ta kifa kai a gwiwa kafaɗunta na rawa.

"Ɗari," ta ce da ta samu numfashi. "Har da shawara."

"Ki bar dariya, Maman Aku. Ina jin zazzaɓi zai kama ni gobe."

"Zai kama ka?"

"Ina jin alamunsa."

Ta nuna masa ɗaki da haɓa. Ya leƙa. Aku ce durƙushe a ƙasa ta shimfiɗa rigarsa ta zuwa unguwa, tana bin ta da dutsen guga a hankali, harshe a waje don ƙoƙari. A gefe ta ajiye sabon sabulu da soso. Da ta gan shi ta ce, "Baba, gobe ni zan wanke maka hannu. Zan dirje har ƙarƙashin farce."

Zazzaɓin ya fasa zuwa.

Ran Alhamis da hantsi ya isa makaranta cikin riga mai kari, hannu na raɗaɗin soso, amma baƙin yana nan daram a layin tafinsa. Malama ta tare shi a baranda, doguwa ce mai fara'a, da littafi da biro a hannu.

"Sannu da zuwa, Baban Aku. Mun gode ƙwarai. Ni kaina a cikin gari na tashi, yau ɗalibarka ce ni."

"Allah sarki," in ji shi, don bai sami abin da ya fi wannan ba.

Yara talatin da wani abu suka fito a layi, suka bi shi ta bayan ajujuwa, suka wuce tankin ruwa da tarin karyayyun bencina, suka tsaya a bakin fili. Filin ya ninka na bayan rumfarsa sau biyar, kuma kore ne irin na jiya, babu ragi. Aku ta tsaya a gefensa ta harɗe hannu a ƙirji.

Gilas bai ɓata lokaci ba. Ya taka ya nuna wani tsiro da tsinin takalmi.

"Baba, wannan mene ne?"

Mai Faci ya sunkuya. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya zaga ta bayan tsiron kamar mai cinikin rago.

"Wannan," ya ce, "tsiro ne mai kyau."

"Ana ci?"

"Ya danganta."

Wani ya yi ƙyaƙyat a baya. Gilas ya juya ya dubi Aku ta saman tabarau. Mai Faci ya ga kunnen 'yarsa ya motsa kamar yadda yake yi in kuka na tafe, kuma ta matse hannunta sosai. Zufa ta keto masa ta bi kan karin da aka sha wahalar yi.

Ba dabara ce ta zo masa ba, neman wurin zama yake. Ya ce, "Malama, ko akwai kwando?"

Babu kwando, amma akwai kwalayen alli guda uku da bokitin shara. Ya raba wa yara, ya ce da muryar da ya aro daga Kaka, "Kowa ya shiga ya tsinko reshe ɗaya-ɗaya na duk abin da ya gani. Sharaɗi ɗaya: ba a kai komai baki. Ko lasa. Wanda ya sa hannu a baki ko a ido, ni da shi ne. Ku lura da ƙafafunku."

Suka watse cikin fili da ihu. Shi kuwa ya lallaɓa ƙarƙashin wata bishiya ya zauna a kan tushenta, yana lissafin ko mutum zai iya tsallake katangar makaranta da riga mai guga. Malama ta tsaya gefe tana rubutu. Ya saci kallon littafin, ya ga ta rubuta, "Mataki na ɗaya: a bar yara su tattaro da kansu." Ya kawar da kai.

Bayan kamar rabin awa suka dawo. Malama ta sa aka shimfiɗa tsohon buhu, aka zazzage komai a gabansa. Rana ta riga ta taɓa ganyen, ya yi laushi ya kwanta a kan juna, ga ƙasa ga tsinke ga ƙananan ƙwari na gudu. Yara suka yi da'ira.

Kunya ta hana shi ɗaga kai. Don kada ya haɗa ido da Aku, sai ya tura hannu cikin tarin yana juyawa, kamar yadda mutum yake wasa da hula in ana yi masa faɗa. Wani wari ya taso masa, na ɗanyen ganye da ya sha rana a cikin kwando. Kafin ya ankara yatsunsa sun ɗauko wani reshe sun murza ganye ɗaya, ya ji santsi ya kama tsakanin babban yatsa da manuni.

"Lalo," bakinsa ya ce, shi ma ya ji da kunnensa kamar kowa.

Ya ajiye shi dama. Hannun ya koma. Wani reshe mai ganye bibbiyu, masu zagayayyen kai, duk sun naɗe sun rufe fuska tun da aka tsinke su.

"Tafasa. Ita in aka taɓa ta haka take yi, fushi gare ta." Ya ɗauko wani mai kama da ita, ya shafa bakin ganyen ya ji tsini, ya kai hanci ya yamutsa fuska. "Wannan ɗan'uwanta ne, rai-ɗore. Shi kansa tsini ne, kuma ya fi ta wari. Ganyen ake dafawa, 'ya'yan ba na ci ba ne."

Hannu biyu suka shiga aiki, suna ɗauka suna jefawa, dama, hagu, dama, irin yadda suke bin robar cikin taya suna neman huda ba sai ido ya taya su ba. Wani kara ya manne masa a yatsa, ya bi shi sama ya ƙirga ganye biyar a buɗe kamar tafin jariri. Ga ta nan, gasaya, wadda Yaya ta ce kamar gasaya take. Ya sami rukuɓu mai laushi kamar ƙaramin alayyahu. Ya jawo yaɗiya, doguwa kamar igiya, tana janyo rabin tarin a bayanta.

Sai hannunsa ya taɓa wani faffaɗan ganye mai gefe kamar an yayyage, ya fizge da sauri ya kai bayansa. Har ga Allah ya ji zafi a bayan hannun, daidai inda Kaka takan ɗana masa muciya. Ya ɗauki tsinke biyu ya ɗago ganyen da su, ya shinshina daga nesa.

"Wa ya tsinko wannan?"

Can Gilas ya ɗaga hannu rabi. "Ni ne. Na ga ya fi kowanne girma. Na ce ko alayyahun daji ne."

"Ka kai baki?"

"A'a."

"Dube ni. Ka kai?"

"Wallahi ban kai ba, Baba."

"Akwai saura?"

Gilas ya zaro wasu guda biyu daga aljihun wando. Ya ce zomonsa zai kai wa.

"Wannan zaƙami ne," in ji Mai Faci. "Ganyensa, furensa, 'ya'yansa, duk guba ne. Yana juya wa babba hankali, yaro kuwa yana iya kashe shi. Malama, a ba shi sabulu. Je ka wanke har gwiwar hannu, ka juye aljihun nan ka kakkaɓe."

Gilas ya ruga wajen tanki, tabarau na tsalle a hancinsa. Mai Faci ya zaga da ganyen a kan tsinke, kowa ya gani ya ji warin daga nesa.

Da Gilas ya dawo, buhu ya kasu uku. A dama 'yan ƙananan tari shida. A hagu can nesa zaƙami shi kaɗai, an danne shi da dutse. A tsakiya kuwa wani tudu da ya fi sauran duka in an haɗa.

"Na tsakiya fa?" in ji wata yarinya.

Mai Faci ya dubi tudun. Da a tabarmar gida ne, da ya sama wa kowanne suna da tarihi. Ya dubi hannun Gilas da ke ɗigar ruwa.

"Wannan sunansa ban sani ba," ya ce. "Ƙila akwai na ci a ciki, ƙila akwai irin wancan. Ban san su ba. Abin da ke wannan tarin ba a ci, ba a ba zomo, ba a ba ƙane. Na dama ma sai babba wanda ya sani ya duba, an wanke, an dafa."

Malama ta rubuta da sauri.

Sai wani kwaɗayi ya kama shi. Ya ɗaga reshen gasaya ya ce, "Wa ya kawo wannan? Zo ka kai ni inda ka samo ta."

Wani ɗan gajere ya ja shi har gindin katanga, duk ajin na biye. Ga ta tsaye, ta kai masa gwiwa, da ɗan farin fure a ka mai dogayen gashi kamar na kyanwa. Mai Faci ya durƙusa a gabanta cikin rigar guga. Jiya ya wuce irinta ya fi sau goma a bayan rumfarsa.

"Ashe fure gare ki," ya ce a hankali.

Ba a hankali sosai ba, don Gilas ya ji.

"Baba, kai ma yau ka fara ganin ta?"

Malama ta buɗe baki za ta tsawata, Mai Faci ya ɗaga mata hannu. Ya nemi Aku da ido ya same ta a bayan wasu, tana kallon ƙasa.

"Yau na fara ganin ta a tsaye," ya ce. "Ni ɗan ɗaukar kwando ne. Kakata ce mai tsinka, ni sai an zo gida nake warewa. Sunana ma a gidanmu Ɗan Kwando. In kun tsinko, na san su. In suna tsaye, yau ku ne malamaina. Wanda ya kawo lalo ya zo ya nuna mini."

Aka yi dariya, har da Malama, wadda ta dubi littafinta ta ja layi a kan wani abu. Amma yaran suka shiga rige-rigen jan hannunsa. Wannan na cewa tasa ce tafasar, waccan na cewa yaɗiyarta ta hau waya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a kowane gindi sai ya sa su murza, su shinshina, su ƙirga ganye, shi kuma ya tsaya ya ƙare wa tsiron kallo daga ƙasa har sama. A ƙarshe Gilas ya kai su bayan banɗaki inda zaƙami ya yi gida, da farin furensa kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya. Malama ta ce yau-yau za ta sa a tumɓuke shi.

Kafin a koma aji Gilas ya ce bai yarda ba sai an gwada. Aka ja wa Mai Faci hula ta rufe ido, aka riƙa sa masa reshe a hannu. Sau tara yana faɗa daidai. Sau huɗu ya ce, "Ban sani ba," yaran kuma suka amsa da ƙarfi, "Ba a ci!" Har wani ya sa masa igiyar takalmi, ya murza ya ce wannan sai an daɗe ana dafawa.

Da aka tashi ya jira Aku a bakin ƙofar makaranta, gwiwar wandonsa duk laka. Ta fito ita da Gilas suna musu. Shi yana cewa goma aka yi alkawari kuma bakwai ba goma ba ce, ita tana cewa zomonsa fa, nawa za a ƙirga shi. Suka daidaita a kan zai share benci sati biyu. Ya gaida Mai Faci har da rusunawa, ya wuce.

Suka kama hanya. Aku ta ɗago ta dube shi.

"Baba, ɗari ka ce."

"Na ce."

"Shida ne."

"Bakwai, da zaƙami."

"Zaƙami ai ba a ci."

"To shida. In an tambaye ki, shida za ki ce. Kada ki ƙara ko rabin ganye, ni ma na daina."

"Kaka ba ta neman shawararka?"

"Takan tambaye ni ko kwandon ya yi nauyi."

Aku ta yi dariya har jaka ta zame mata. Da suka zo mararraba inda take saba karkatawa ta layin baya, 'yan ajinsu uku na tafe a bayansu, sai ta kama hannunsa, wanda yanzu ya haɗa baƙin taya da koren ganye, ta miƙe ta babban titi. A rumfa suka tarar da mai keke yana jira da taya a kafaɗa. Mai Faci ya ce ya ba shi minti biyu, ya zaga baya da Aku, suka tsaya a bakin filin nan na jiya.

"To, Malama Aku," ya ce, "wacce ce tafasa a nan?"